Kulle Biyu a Na'ura Ɗaya: Muhawara a kan Sauya Fasalin Kindle domin Shigar da Littattafai

Na'urar karatu wata 'yar kwamfuta ce mai girman littafin aljihu, wadda aka ƙera domin karatu kawai, kuma abin da ya raba ta da wayar hannu shi ne allonta, wanda ke aiki da fasahar tawadar lantarki, wato ƙananan ƙwayoyi farare da baƙaƙe waɗanda wuta ke jerawa su zama haruffa, sannan su tsaya a inda aka jera su ba tare da sun ƙara cin wuta ba har sai an juya shafi. Wannan ne dalilin da ya sa caji ɗaya kan kai makonni, kuma ake iya karatu da ita a tsakiyar rana ba tare da hasken ya dushe rubutun ba. Wadda ta fi shahara a cikin irin waɗannan na'urori ita ce Kindle, wadda kamfanin Amazon na Amurka ya fara fitarwa a watan Nuwamba na 2007, sai kuma Kobo ta ƙasar Kanada, wadda kamfanin Rakuten na Japan ya mallaka tun 2012. A kan Kindle ne aka fi kai ruwa rana game da tambayar da ta daɗe tana raba kan masu karatu, wato ko ya dace mutum ya ɓalle kullen na'urar da ya saya da kuɗinsa domin ya tsara yadda littattafai ke shiga cikinta da fita, ko kuwa ya fi masa alheri ya bar ta yadda masu ita suka ƙera ta.

Abin da ake kira daidaitawa a wannan fage shi ne sanya abin da ke cikin na'urori biyu ko fiye ya kasance iri ɗaya a kowane lokaci, ta yadda duk canjin da aka yi a ɗaya zai bayyana a sauran ba tare da mai su ya ɗauki kebul ya kwafa da hannu ba. Abubuwa uku ne ake daidaitawa, kuma wahalarsu ba ɗaya ba ce: akwai fayil ɗin littafin kansa, akwai shafin da mai karatu ya tsaya, sannan akwai wuraren da ya ja wa layi da hashiyar da ya rubuta a gefe. Amazon yana yin duka ukun ta hanyar tsarinsa mai suna Whispersync, wanda ke aika waɗannan bayanai zuwa sabar kamfanin, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanai daga nesa, daga nan kuma ta rarraba su ga waya da kwamfuta da duk wata na'ura da ke ƙarƙashin asusun mutum ɗaya. Ga littattafan da ba a kantin kamfanin aka saya ba, akwai hanyar da ake kira Send to Kindle, wadda mutum ke tura fayil ta imel ko ta shafin intanet, kamfanin ya juya shi zuwa nasa tsarin ya sauke masa a na'ura, kuma tun 2022 wannan hanya tana karɓar EPUB, wanda shi ne tsarin fayil ɗin da yawancin masu buga littattafai a duniya suka yi ittifaƙi a kansa.

A ƙarƙashin fuskar da mai karatu ke gani, Kindle tana tafiya ne a kan manhajar Linux, amma an toshe ƙofofin da za a bi a sanya mata wata manhaja wadda ba ta kamfanin ba. Ɓalle kulle shi ne gano wata ɓaraka a cikin wannan shinge a bi ta cikinta a sami cikakken iko a kan na'urar, kuma masu wannan aiki, waɗanda galibi 'yan sa-kai ne da ke warwatse a ƙasashe daban-daban, sukan ba kowace sabuwar dabara suna, kamar WinterBreak wadda ta fito a farkon 2025. Da zarar an buɗe na'urar, abin da aka fi sanyawa shi ne KOReader, manhajar karatu mai buɗaɗɗen tushe, wato wadda kowa ke iya duba yadda aka rubuta ta ya kuma gyara ta, kuma ita tana buɗe EPUB da PDF da DjVu kai tsaye ba tare da an juya su ba. Tana iya haɗuwa ta iska da Calibre, manhajar tsara ɗakin karatu a kwamfuta wadda Kovid Goyal ya fara rubutawa a 2006, tana iya ɗauko littattafai daga rumbun ajiyar da mutum ya kafa da kansa, wasu kuma sukan ƙara mata Syncthing, wadda ke daidaita jakunkunan fayil tsakanin na'urori kai tsaye ba tare da an ajiye su a sabar wani kamfani ba.

Hujja mafi ƙarfi a hannun masu goyon bayan wannan aiki ita ce ta mallaka, kuma tarihi ya ba su abin kafa hujja da shi. A watan Yuli na 2009 Amazon ya shiga na'urorin mutane daga nesa ya goge wasu littattafai biyu na George Orwell da suka saya, wato 1984 da Animal Farm, wanda Bala Abdullahi Funtua ya fassara zuwa Hausa da sunan Gandun Dabbobi, bisa dalilin cewa wanda ya ɗora su a kantin ba shi da haƙƙin sayar da su. An mayar wa mutane kuɗinsu, shugaban kamfanin Jeff Bezos kuma ya fito ya ba da haƙuri, amma abin da ya tsaya a ran jama'a shi ne cewa hannun da ya shigar da littafi yana iya fitar da shi. Shekara goma bayan haka, a 2019, kamfanin Microsoft ya rufe kantin littattafansa, littattafan da mutane suka saya a can suka daina buɗuwa gaba ɗaya, ko da yake su ma an biya su. Sai kuma ranar 26 ga Fabrairu, 2025, lokacin da Amazon ya cire damar da masu saye ke da ita ta sauke littafin da suka saya a kwamfuta su ajiye kwafinsa, su shigar da shi na'ura ta kebul idan sun ga dama. Dalilin duk wannan a rubuce yake cikin sharuɗɗan da mai saye ke amincewa da su ba tare da ya karanta ba: abin da ya biya wa kuɗi lasisi ne, wato izinin karantawa, littafin kuwa bai zama dukiyarsa ba. Har ta kai jihar Kalifoniya ta yi doka a 2024 da ke tilasta wa masu sayar da irin waɗannan kayayyaki su bayyana wa mai saye cewa izini ne kawai yake samu. Masu wannan ra'ayi suna ganin cewa ɗakin karatun da aka tara a kan irin wannan sharaɗi zanen aro ne, wanda Bahaushe ya ce ba ya rufe katara.

Sukan haɗa da batun sirri, domin duk abin da aka daidaita ta sabar kamfani, kamfanin ya san shi, tun daga sunan littafi har shafin da aka tsaya da jimlar da aka ja wa layi, kuma lauya ko ɗan jarida ko mai bincike da ke karanta takardun da ba a riga an buga ba yana da dalilin ƙin tura su ta imel zuwa wata ƙasa domin kawai su ƙetaro daga teburinsa zuwa na'urar da ke gefensa.

Akwai kuma hujjar da ba ta shafi aƙida ba, ta shafi ingancin karatu ne kawai, kuma a nan ne mai karatun Hausa ke da abin cewa. Tsarin Amazon an gina shi ne domin wanda kantin kamfanin ke ƙunshe da yawancin abin da yake son karantawa, alhali kuwa littattafan Hausa da ke can kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da abin da ke yawo a hannun mutane. Ɗalibin jami'a da kundayen bincike, da almajirin ilimi da tsoffin littattafan Larabci da na ajami waɗanda aka ɗauki hoton shafukansu, da mai bin labaran marubutan zamani, dukansu da PDF suka fi mu'amala, shi kuwa PDF shafinsa a ƙame yake, ba ya lanƙwasuwa ya bi girman allo, saboda haka a allo mai inci shida rubutun kan ƙanƙance har ya gagari ido. KOReader tana iya yanke fararen gefunan shafi ta kuma sake jera layukan rubutun su dace da ƙaramin allo, ko da shafin hoto ne, abin da manhajar asali ta Kindle ba ta ƙware a kai ba. Ta fuskar mallaka kuwa, masu karatu a Nijeriya sun ma ɗanɗana rufewar kanti a gida, lokacin da dandalin OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama ke sayar da littattafansu, ya daina aiki a ƙarshen 2023.

Waɗanda ba su yarda da ɓalle kulle ba suna fara martaninsu ne da wata gaskiya da ɗaya ɓangaren ba ya cika son ambatawa, wato cewa yawancin abin da ake nema ana iya samunsa ba tare da an taɓa kullen ba. Canjin 2025 bai hana mutum shigar da nasa fayilolin ta kebul ba, Calibre tana aiki da Kindle ɗin da ba a sauya mata komai ba, tun 2018 ana iya sanya wa na'urar salon haruffan da mutum ke so, wanda ke warware matsalar ɓ da ɗ da ƙ idan salon asali bai fitar da su da kyau ba, kuma littafin da aka tura ta Send to Kindle yana samun daidaita shafi da hashiya kamar wanda aka saya a kanti. Sukan ƙara da cewa farashin na'urar an sassauta shi ne bisa tsammanin za a riƙa sayen littattafai ko ganin tallace-tallace a allonta, saboda haka wanda ya karɓi rahusar ya kuma rushe sharaɗin bai cika alkawarin ciniki ba, kuma kada ya yi tsammanin garanti zai rufe shi idan na'urar ta sandare a tsakiyar aiki. Hujjar rahusa ba ta da nauyi sosai, domin ɗan kasuwa ne ya zaɓi dabarar cinikinsa, kuma ba a wajabta wa mai saye ya tabbatar masa da ribar da ya ƙiyasta ba. Ta tsaro kuwa tana da nauyi. Sabuntawar da kamfanin ke turowa takan toshe ɓarakar da aka bi, don haka mai son riƙe 'yancin na'urarsa dole ya hana ta sabuntawa, kuma da hakan yana hana ta gyare-gyaren da ke kare shi. A 2021 masu bincike na kamfanin Check Point sun nuna cewa littafi guda da aka cusa wa mugun abu yana iya ƙwace ikon Kindle gaba ɗaya har ya kai ga bayanan asusun mai ita, kuma ta hanyar sabuntawa ne aka rufe wannan rami. Na'urar da ta daina karɓar gyara, wadda kuma ake loda wa fayiloli daga kowace kusurwa ta intanet, ita ce ta fi buƙatar kariyar da aka raba ta da ita.

Sai dai inda hujjarsu ta fi kama ƙasa shi ne wahalar aikin daidaitawar kansa, wanda sai wanda ya ɗauke shi a wuyansa ke sanin nauyinsa. Na'urar karatu tana daɗewa da caji ne saboda kusan kullum barci take yi, tana kashe hanyar sadarwarta da zarar an rufe ta, alhali manhaja irin Syncthing tana buƙatar na'urori biyu su kasance a farke a lokaci ɗaya kafin su yi musayar komai. Idan an bar ta a farke batir ya zube cikin 'yan kwanaki, idan an bar ta ta yi barci littafin da aka ajiye a kwamfuta da safe ba zai iso ba sai an tuna an tashe ta. Daidaitawa kuma ba ajiyar kariya ba ce, kuma mutane da yawa ba sa gane bambancin sai bayan sun yi asara: tunda aikinta shi ne ta maimaita kowane canji a ko'ina, idan aka goge jaka bisa kuskure a na'ura ɗaya, gogewar ma za ta bi sahu zuwa sauran, sai fa idan an riga an umarci manhajar ta riƙa adana tsoffin kwafi. KOReader tana ajiye hashiya da alamun shafi a wata 'yar jaka da ke gefen kowane littafi, saboda haka idan mutum ya ja layi a waya da rana, ya ja wani a Kindle da dare kafin su haɗu, za a sami kwafi biyu masu saɓani, kuma manhajar daidaita fayil ba ta san yadda ake haɗe su ba, sai dai ta riƙe ɗaya ta ajiye ɗayan a gefe da wani suna. Shi ma shafin da aka tsaya yana da nasa tarko, domin manhajar tana gane littafi ne ta wata lamba da take lissafowa daga cikin fayil ɗin, ko kuma ta sunansa, don haka ƙaramin gyara a bango ko a sunan marubuci yana iya sa ta ɗauki littafi ɗaya a matsayin biyu. Masu kula da Calibre da kansu sun daɗe suna gargaɗi cewa kada a ajiye ɗakin karatunta a rumbun da ake shiga ta hanyar sadarwa, domin kundin bayanan da ke riƙe da jerin littattafan yana iya lalacewa. Duk waɗannan matsaloli suna da magani, amma maganin lokaci ne da haƙuri, kuma kowace awa da aka kashe wajen gyaran na'ura an cire ta ne daga lokacin karatun da aka sayi na'urar dominsa.

Batun doka shi ne wanda aka fi cakuɗawa, kuma cakuɗewar ta samo asali ne daga rashin rarrabe kulle biyu da ke cikin na'ura ɗaya. Na farko shi ne kullen na'urar, wanda ke hana sanya wata manhaja. Na biyu shi ne kullen littafin, wanda aka fi sani da DRM, wato wata dabara ta ɓoye rubutun cikin fayil ta yadda ba zai buɗu ba sai a na'urar da ke da rajista da asusun wanda ya saya. Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1998, a sashe na 1201, ta haramta ƙetare irin waɗannan matakan kariya, tare da ba Shugaban Ɗakin Karatu na Majalisar Dokoki ikon yin togaciya duk bayan shekara uku. A 2010 an halatta ɓalle kullen wayoyin hannu, a 2015 aka faɗaɗa zuwa kwamfutocin hannu, amma a wancan zagaye ba a amince da buƙatar sanya na'urorin karatu a ciki ba. An kuma daɗe da yin togaciya domin makafi su iya buɗe littafi su saurare shi ta manhajar da ke karantawa da murya. Ita ma dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta ƙunshi haramcin ƙetare matakan kariya. Marubuta da masu buga littattafai suna da cikakken dalilin fargaba, musamman a kasuwa irin ta littattafan Hausa inda labari kan bazu a zaurukan WhatsApp cikin kwana ɗaya ba tare da sisin kwabo ya isa hannun wadda ta rubuta shi ba, amma ɗora alhakin wannan a kan ɓalle kullen na'ura kuskure ne na fahimta, tunda littafin sata yana shiga Kindle ɗin da ba a taɓa ba ta kebul ko ta imel cikin sauƙi ɗaya.

Wannan rarrabewa tana rage ƙarfin ɓangarorin biyu, amma ta fi taɓa masu goyon baya, domin KOReader ba ta buɗe littafin da ke da DRM. Wanda ya fusata da canjin 2025 ya ɓalle kullen na'urarsa yana tsammanin ya 'yanta ɗakin karatunsa zai tarar cewa yawancin littattafan da ya saya a kantin Amazon suna nan a kulle kamar jiya, kuma dole ya koma manhajar asali idan yana son karanta su. Abin da ya samu shi ne iko a kan littattafan da tun asali ba su da kulle, kamar sama da 70,000 da ke rumbun Project Gutenberg, wanda Michael Hart ya assasa a 1971, ko na kamfanoni irin Tor da ya daina sanya DRM tun 2012, ko takardunsa na kansa. Idan aka auna da wannan ma'auni, 'yancin mutum na ya sarrafa ƙarfen da ya saya abu ne da ke da wuyar musantawa, kuma tsohuwar na'urar da kamfani ya riga ya daina turo wa sabuntawa ba ta da abin da za ta rasa ta fuskar tsaro idan an buɗe ta, sai ma ƙarin shekarun amfani da za ta samu. Fa'idar aikin kuwa ta dogara ne ga inda littattafan mutum ke fitowa: ga wanda kantin kamfanin ya wadatar, wahala ce da kwalliyarta ba ta biyan kuɗin sabulu, ga wanda rumbunsa cike yake da PDF da kundaye da littattafan da babu su a wani kanti, riba ce bayyananniya, matuƙar ya yarda cewa daga ranar shi ne mai gadin ɗakin karatunsa, kuma yana da kwafi na daban a wurin da daidaitawa ba ta kaiwa.

Akwai masu cewa muhawarar gaba ɗayanta za a iya kauce mata tun a wurin saye, tunda na'urorin Kobo da na PocketBook suna buɗe EPUB kai tsaye, kuma ana sanya musu KOReader ta hanyar kwafa fayiloli kawai ba tare da neman wata ɓaraka ba. Maganarsu daidai ce ga wanda ke da zaɓi, ko da yake shi ma kantin Kobo yana sayar da yawancin littattafansa da DRM. Sai dai mutane da yawa ba su zaɓi na'urarsu ba, kyauta aka ba su ko a kasuwar kayan hannu suka tsince ta, kuma da yake Kindle ce ta fi yawa a duniya, ita ce ta fi yawa a irin waɗannan kasuwanni. Ga mai irin wannan na'ura, shawarar takan yanke kanta tun kafin ya gama tunani, domin kowace dabarar ɓalle kulle tana aiki ne a kan wasu lambobin manhajar asali kawai, Kindle kuwa takan sauke sabuntawa da kanta idan aka haɗa ta da intanet, shi ya sa masu wannan sana'a ke fara duba lambar manhajar a cikin saituna, su kuma bar na'urar a yanayin jirgin sama har sai sun tabbatar da abin da za su yi da ita.